Don Allah a taimaka, ciniki ɗaya yana shiga rumbun bayanai sau biyu

Salam jama'a, masu harkar kodin ina neman agaji. Wata ƴar manhaja na haɗa wa yayana da ke da shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari nan Zariya, a burauza take aiki, kuma dole ta yi aiki ko ba netwok don cikin shagon nan sai ka fito bakin ƙofa ka ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi.

Idan yaron shago ya rubuta ciniki sai in ajiye shi a IndexedDB, wato ma'ajiyar bayanai ta burauza, cikin wayar, in netwok ya dawo a tura wa sabar, wato kwamfutar da ke tara bayanan duka, can kuma rumbun bayanan PostgreSQL ne. Matsalar ita ce wani lokaci sabar ta riga ta karɓa ta rubuta amma amsa bata iso wayar ba netwok ya ɗauke, sai wayar ta ɗauka abin bai tafi ba ta sake turawa, shekaranjiya katan ɗin taliya ɗaya ya fito sau uku, yaya har ya fara yi wa yaron kallon ɓarawo.

Na ji ance in ba kowane ciniki UUID, wato lambar shaida tasa shi kaɗai, tun daga wayar, sabar ta ƙi karɓar wanda ta taɓa gani. To amma in wayoyi biyu suka gyara yawan kaya ɗaya fa, wanne zan ɗauka? Na gwada bin lokaci in ɗauki gyaran ƙarshe, ashe agogon ɗayar wayar ya koma baya. Ko in haƙura in koma PouchDB da CouchDB kawai, rumbunan bayanan nan masu daidaita waya da sabar da kansu? Wallahi sake gini ne bana so.