Ginina ya tsaya a linta: in sayar da kangon ko in jira?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. A 2021 na sayi fuloti a Danbare, kusa da sabuwar Jami'ar Bayero, da kuɗin gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bayan mun shafe shekara biyu ana zaman rabo. Na zuba harsashi a 2022, lokacin da buhun siminti bai kai naira 5,000 ba. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma a farkon 2024 buhu ya haura 10,000. Ɗaki huɗu ne da falo biyu, damina biyu ta wuce a kansa babu rufi, ga mai gidan haya ya yi mini ƙari. Wani dillali ya kawo tayi, na rasa barci.

Ɗan kwangila: Wa alaikumus salam. Kada ka sayar, Malam. Kano titin Gwarzo take bi, duk wanda ya san Rijiyar Zaki a da ya san abin da nake faɗa, kuma kuɗin da za a ba ka yau ba zai saya maka fili ko a Janguza ba. Kuskurenka girman ginin ne, domin yanzu ɗaki biyu da falo mutane suke ba mu aiki. Ka rufe ɓangare ɗaya da kwano ka tare.

Wata 'yar uwa daga Kaduna: Haka aka ce wa maigidana, sai birkila ya riƙa kwashe rodi da daddare, har yau muna zaman sulhu. Ni dai ka sayar ka huta.

Wani ma'aikaci: Idan ana cire maka kashi 2.5 daga albashi na asusun gidaje, ka nemi rancen bankin gidaje na tarayya. Amma kana da takardar shaidar mallaka, ko awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka ba?

Ɗan kwangila: Kafin rancen ya fito, bulon ya gama shan ruwa. Rufi shi ne magana.

Mai neman shawara: Na gode, amma girman ginin ba kuskure ba ne, Yallaɓai. Mahaifiyata da ƙannena biyu suna hannuna, ba zan raba su da iyalina ba, kuma ba zan tare da tsohuwa a gidan da babu filasta ba.

Wani ma'aikaci: Har yanzu ba ka amsa maganar takarda ba, Malam.