Wuraren bautar Hindu a Delhi: abin da kowannenmu ya tarar a bakin ƙofa

Abban Sadiya, daga Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanana goma sha tara a Delhi ina jinyar yayana da aka yi wa aikin ƙoda, kuma alhamdulillahi jiki da sauƙi. Masaukin da muka kama a kudancin birnin, katanga ɗaya ce ta raba shi da wani ƙaramin wurin bautar mabiya addinin Hindu, irin wanda suke kira mandir, wanda faɗinsa bai wuce rumfar mai shayi ba. Kullum kafin in tashi daga kan darduma da asuba ƙararrawarsu ta fara kaɗawa, da almuru kuma su kunna fitilar mai suna jujjuya ta a gaban abin bautarsu suna rera waƙa. Jiya Talata mai gidan, wani dattijo da ya raka ni kantin magani har sau biyu cikin tsakar dare, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo mini wata dunƙulalliyar alawa ruwan ɗorawa, ya ce prasad ne, sannan ya ce ranar Asabar zai kai ni Akshardham, wani babban wurin bautarsu, in ga abin mamaki. Nauyinsa ya sa na karɓa da hannu biyu, na ɗora a kan firiji, kuma har yanzu tana nan. Ina roƙon waɗanda suka riga ni zama a garin nan su faɗa mini abin da suka tarar da irin haka ta same su.

Ɗalibi a Noida, kusa da Delhi

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya. Shekarata huɗu ina karatun haɗa magunguna a nan, kuma alawar da ke kan firijinka laddu ce. Prasad shi ne duk abincin da aka fara gabatarwa ga abin bauta sannan aka raba wa jama'a don neman albarka, saboda haka a wurin dattijon nan babu karramawar da ta wuce wannan. Ni abin da na saba yi shi ne in ɗora hannu a ƙirji in yi godiya, in ce addinina bai ba ni dama ba, kuma a iya zamana ban ga wanda ya ɓata rai ba, domin sun tashi tare da Musulmi. A ƙidayar 2011 Musulmi sun kai kusan kashi 13 cikin ɗari na mutanen Delhi.

Akshardham kuwa na je sau biyu. Yana bakin kogin Yamuna, yana da tashar jirgin metro mai sunansa, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne bincike. Waya, kyamara, jaka, har abin jin sauti na kunne, duk sai ka ajiye a ɗakin ajiya a ba ka lamba, sannan ka bi layin maza a lalube ka tsaf kamar mai shirin hawa jirgin sama. Tsananin yana da tushe, domin a watan Satumban 2002 'yan bindiga sun kai hari wani wurin bautar mai irin wannan suna a Gandhinagar ta jihar Gujarat, mutane wajen talatin suka mutu. Shiga harabar kyauta ne, ɗakunan nune-nune ne ake biya.

Da ka wuce wannan sai ka tsaya cak. An buɗe ginin a watan Nuwamban 2005, da jan dutsen Rajasthan da farar marmara aka yi shi, ginshiƙai 234 da ƙubbobi tara, kuma babu inda za ka ɗora tafin hannunka a bango ba ka taɓa sassaƙa ba. Ni a gindin ginin na ɓata lokacina, inda aka jera giwayen dutse 148 suna zagaye da shi kamar su ne suka ɗauke shi a baya. Akwai wata uwar giwa da ɗanta a tsakanin ƙafafunta, an fitar mata da tamojin fata a gwiwa har da jijiyar kunne, na daɗe ina kallo ina tunanin hannun da ya yi wannan da guduma da kurfi. Cikin babban zauren na leƙa, na ga mutane suna faɗuwa ƙasa a gaban mutum-mutumin Swaminarayan, wanda aka gina wurin dominsa, mai ruwan zinariya, sai na ja da baya na koma wurin giwayena. Babu wanda ya ce mini don me. Wani ma'aikacin wurin da ya ji ni Musulmi ne har tuna mini ya yi cewa shugaban ƙasar da ya halarci bikin buɗewar, Abdul Kalam, Musulmi ne.

Hajiya Maman Ummi, daga Kano

Sannu da jinya, ɗana. Ni sau uku ina zuwa Delhi sarin kaya, kuma lalle ne ya kai ni ƙofar mandir ba yawon buɗe ido ba. A gaban wurin bautar Hanuman da ke kusa da kasuwar Connaught Place akwai masu ƙunshi a jere a kan 'yan kujeru, kowa da kundin hotunan zanensa, ga masu sayar da awarwaro a gefe. Rashin sani ya sa na je ranar Talata, wadda ita da Asabar su ne ranakun wannan abin bautar nasu mai siffar biri, na tarar da layi har bakin titi, kowa da furanni da kwalin alawa, ƙanshin turaren wuta ya cika wurin. Na zaɓi mace ta yi mini, domin da yawan masu zanen maza ne. Kafin minti ashirin ta cika mini hannu biyu da wani siririn zane da ɗan mazubi mai tsini, ta ɗiɗɗiga ruwan lemon tsami da sukari a kai don ya kama.

Ina zaune hannuwana a sama ba damar motsi, sai ga wani mutum da ɗan faranti ya nufo goshina da yatsa jajawur zai ɗiga mini alamar nan tasu. Ban san lokacin da na ce a'uzubillahi da ƙarfi na kau da kai ba, mayafina ya zame, lallen hannun hagu ya goge a kafaɗata. Yarinyar ce ta yi masa magana da harshensu, ya haɗa tafin hannu ya wuce. Daga baya na gane yawancin masu yin haka a waje 'yan kuɗi suke nema. Ciki dai ban shiga ba, kuma ban ji na yi asarar komai ba.

Malam Na-Gusau

Ni na yi wata biyu a can ina jinyar mai ɗakina, ban taka ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba, kuma ba na ganin baƙon da jinya ta kai yana da buƙatar zuwa. Wannan ra'ayina ne, na san akwai masu sassauci idan kallon gini kaɗai ne. Prasad kam ban ci ba, domin abin da aka keɓe wa wanin Allah zuciyata ba ta natsu da shi. Sai dai ina jan hankalin ƙanina a kan abu biyu. Kada ya jefa alawar a kwandon shara inda dattijon zai gani, kuma kada ya yi ƙaryar ciwon sukari, domin gobe ayaba za a kawo masa. Ya faɗi gaskiya cikin ladabi. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, ballantana mutumin da ya bar barcinsa ya raka ka neman magani.

Ɗan Maraɗi

Tawa gogewar abin dariya ce. Ranar Juma'a na sauka a Chandni Chowk, a tsohon gari, ina neman Jama Masjid, babban masallacin da Sarki Shah Jahan ya gina aka gama a 1656. Ina cikin kutsawa tsakanin kekuna da 'yan dako sai na hango gini mai ƙubbobin zinariya, ga dattawa masu dogon gemu da rawuna, kowa yana cire takalmi yana taka ruwa a bakin ƙofa, mata duk kai a rufe. Na ce alhamdulillahi na iso. Na miƙa takalmina aka ba ni lamba, na hau matakala, sai na ji kiɗan ganga da molo irin nasu a ciki, na duba babu sahu babu alƙibla. Ashe Sis Ganj ne, wurin ibadar mabiya addinin Sikh, wanda aka gina a inda aka sare kan shugabansu na tara, Guru Tegh Bahadur, a 1675 zamanin Sarki Aurangzeb. Wani tsoho ya lura da hulata da ruɗewata, ya yi murmushi, ya karɓo mini takalmina da kansa, ya sa jikansa ya raka ni ta wasu lunguna har matakalar masallacin. Na samu huɗuba.

Da na dawo ta titin a natse na ƙirga abin da ke kansa. Daga bakin Lal Qila, tsohuwar fadar sarakunan garin, akwai jan wurin bautar mabiya addinin Jain, wanda yake da asibitin tsuntsaye a harabarsa, dab da shi mandir ɗin Gauri Shankar na masu bautar Shiva, gaba kaɗan cocin Baptist, sai Sis Ganj da ƙaramin masallacin Sunehri a jikinsa, titin kuma ya ƙare a ƙofar masallacin Fatehpuri. Duk wannan tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin sa'a ba in ba don cunkoso ba.

Injiniya Bature

Ina so in ƙara abin da ba a faɗa ba, kada Abban Sadiya ya ɗauka ko'ina haka yake. Na zauna shekara biyu kusa da Chhatarpur, inda babban wurin bautar Katyayani, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, yake, wanda aka kafa a 1974. Lokacin Navratri, wato darare tara na bikinsu, hanya takan cushe, lasifika ba ta yin shiru, masu raba abinci kyauta su kafa rumfuna, kuma a unguwarmu mahauta da yawa sukan rufe shago, sai na tafi Nizamuddin ko Jamia Nagar neman nama. A irin kwanakin nan mutum ya kama kansa, kada ya ɗauki hoto a inda bai ga wasu suna ɗauka ba, kada kuma ya buɗe bakinsa a kan maganar naman shanu ko da wasa. Zaman lafiyar da Ɗan Maraɗi ya gani gaskiya ne, amma garin nan ne aka yi rikicin addini a arewa maso gabashinsa a watan Fabrairun 2020, mutane fiye da hamsin suka mutu, akasarinsu Musulmi.

Ba kowane mandir ne yake karɓar wanda ba Hindu ba. Na Jagannath a garin Puri ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga sam. A Delhi ban taɓa ganin an hana ba, kuma Birla Mandir ma Mahatma Gandhi ne ya buɗe shi a 1939 bisa sharaɗin a bar kowane jinsi ya shiga, har da waɗanda ake ƙyamar taɓawa a tsarin asalinsu. Duk da haka a tambaya a bakin ƙofa kafin a cire takalmi.

Abban Sadiya, daga Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam. Bayan la'asar na sami dattijon yana shayar da shukar da ke tsakar gidansa, na yi masa bayani da ɗan Turancin da muke haɗawa, na nemi izininsa na miƙa wa jikansa alawar. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya kaɗa kai irin nasu, wanda har yau ban iya bambance e da a'a a cikinsa ba. Da daddare sai ga shi da ayaba shida a leda, yana nuna mini hanyar kasuwa da yatsa yana maimaita cewa waɗannan ba su biya ta mandir ba. Yaya ya ci biyu. Maganar Asabar kuma tana hannun likita, domin ranar ce za a sake gwajin jini, kuma ko an sallame mu da wuri ban ga yadda zan ajiye wayata a ɗakin ajiya na tsawon sa'o'i alhali mara lafiya yana kwance shi kaɗai ba. Ɗalibi, ko ana iya hango ginin sosai daga cikin jirgin metro ba sai an sauka ba?