Dashen mangwarona ya tsaya cak a leda, yaya zan yi?

Salam jama'a, dan Allah masana harkar dashe ku taimaka min. Tun damunar bara na shuka mangwaro 12 a baƙar leda irin ta masu rainon itace, niyyata in kai su gona sai maganar filin ta ƙi ƙarewa, har yau suna bayan ɗaki. Da farko sun yi kyau amma wata huɗu kenan ko sabon toho babu, ganyen ƙasa yana rawaya yana zuba, rana na takewa sai su langaɓe alhali safe da yamma nake ba su ruwa, na sa takin zamani na NPK ma sai bakin ganyen ya ƙone.

Jiya na farke leda ɗaya, wallahi sai da na ji tausayi, saiwar ta nannaɗe kamar gammo, ƙasar ta kusa ƙarewa, uwar saiwar kuma ta lanƙwashe a gindi.

To in datse wadda ta nannaɗen ne kafin in mayar buhu babba, ko in warware da hannu? Kuma in an dasa a haka za ta kama ƙasa kuwa, ko iska za ta kayar da ita in ta girma?