Tagogi fari fat, injuna baƙi ƙirin: yaya ake ɗaukar hoton cikin tsohuwar masana'anta?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan hoton cikin masana'antar da aka daina aiki a cikinta. In aka auna haske a kan injuna, tagogi da hujojin kwano su ƙone fari fat. In aka auna a kan tagogin, injunan su nutse cikin duhu. Ga ginshiƙai suna fitowa a karkace kamar ginin zai kife ta baya. Kyamarar tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, akwai tiraifod, wato ƙafa ukun da ake ɗora ta a kai, gilashin bakinta na milimita 16 zuwa 35 ne. Ta ina gyaran zai fara? Sannan yaya ake yin zanen haske da tocila, wato bin jikin abu da haske a duhu yayin da kyamara ke buɗe?

Ido_Uku

Wa alaikumus salam. Malam, ba laifin awonka ba ne. Tazarar da ke tsakanin hasken taga da duhun ƙarƙashin inji ta fi ƙarfin sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara, a ɗauka guda, dole sai an raba aikin: a ɗauki hotuna da yawa masu haske daban-daban, a haɗa su daga baya.

Kafa tiraifod, ka kashe abin hana girgiza na gilashin, domin a kan tiraifod wani sa'in shi da kansa yake kawo girgizar. Sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a kan 100, ƙofar haske, wato faɗin ramin da haske ke shiga ta gilashi, f/8 ko f/11, ka bar su nan. Tsawon buɗewa kaɗai za ka riƙa canzawa, mataki bibbiyu: misali 1/250 na daƙiƙa, 1/60, 1/15, 1/4, sai daƙiƙa 1. Hoton farko ya kama abin da ke bayan taga, na ƙarshe ya fito da tsatsar da ke ƙasan inji. In ka taɓa ƙofar haske a tsakani, zurfin abin da ya fito tangaran zai bambanta, hotunan su ƙi haɗuwa. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya motsa kyamara. Kada ka matse zuwa f/22 da sunan neman kaifi, laushi za ka samu, kuma duk ƙurar da ke kan sensa sai ta bayyana ɗigo-ɗigo.

Wajen haɗa su a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka bar inuwa ta zauna inuwa. In aka buɗe kowane lungu, wurin sai ya koma kamar zanen roba, nauyin ƙarfen ya tafi.

Karkatar ginshiƙai kuwa daga ɗaga hancin kyamara sama take. Daidaita ta da ma'aunin da ke cikinta har bayanta ya miƙe da bango, ka ja baya, ka bar fili a gefe-gefe, daga baya ka yanke ƙasan da ya yi yawa.

Mai_Tocila

Zanen haske ba ya yiwuwa da rana tsaka a zaure mai tagogi, hasken waje zai cinye tocilar. Sai bayan faɗuwar rana ko a ɗakin da ba taga.

Fara da saiti: haska injin, ka ƙara girman hoton a allo, ka daidaita gani da hannu, ka bar shi a haka, don a duhu kyamara laluben banza take yi. ISO 200, f/8, daƙiƙa 30. In bai isa ba ka koma kan B, saitin da ke barin kyamara a buɗe har sai ka rufe, da rimot, minti ɗaya ko biyu.

Babban kuskure shi ne haskawa daga bayan kyamara. Hoton zai fito shafal, ba tudu ba kwari. Koma gefe, hasken ya gogi jikin ƙarfen a kaikaice, nan ne ɓawon fenti da haƙoran giya da kan kusoshi za su tashi da inuwarsu. Hannu kada ya tsaya wuri ɗaya, in ya tsaya sai tabon fari. Sa baƙaƙen kaya, ka yi ta motsi, ba za ka fito ba, amma bakin tocilar kada ya kalli gilashi ko sau ɗaya. Tocila mai ƙarfi sosai, ɗaura mata farar takarda a baki ta tausasa.

Hanya mafi sauƙi: kowace ɗauka ka haska ɓangare guda, bel daban, bututu daban, bango daban, sannan ka jera su a manhajar Photoshop ka zaɓi Lighten, mai ɗauko wurin da ya fi haske daga kowane hoto. In ɓangare ɗaya ya lalace, shi kaɗai za ka sake. In kyamarar mai madubi ce, rufe ramin leƙawa, haske na shiga ta nan a doguwar buɗewa.

Tsohon_Injiniya

Duk abin da suka faɗa daidai ne, amma kafin tiraifod akwai izinin mai wurin, kuma kada ka shiga kai kaɗai. Wurin da za ka yi zanen dare, zaga shi da rana tukuna ka san inda ramuka suke. Takalmi mai farantin ƙarfe a tafi saboda ƙusa, hular kwano, da takunkumin FFP3 ko P100, domin tsofaffin bututun tururi da tukwanen wuta galibi da asbestos aka naɗe su, abin hana zafi mai ƙurar da ke cutar da huhu. Masu shure ƙura don sandunan haske su fito a hoto, huhunsu suke cika wa cuta. Tanki da ramin ƙasa kada ka sauka, iskar ciki na iya kayar da mutum ba wari ba alama. Wulwula audugar ƙarfe mai wuta don tartsatsi ya fito a hoto ma a bar ta, ƙasan masana'anta ta sha mai shekara da shekaru.

Ta waje kuma, nemi aikin Bernd da Hilla Becher, mata da miji Jamusawa da suka fara aiki tare a 1959. Tankunan ruwa da tanderun narka ƙarfe suka bi, baƙi da fari, gaba da gaba, a ranar da hadari ya rufe rana don kada inuwa ta ɓoye siffar ginin, sannan su jera iri ɗaya a allo guda. Gwada hakan da bawul tara ko agogon awo tara na cikin masana'anta ɗaya, nisa ɗaya, tsayi ɗaya, haske ɗaya. Gilashi guda ka ɗaura tun daga waje, kada ka canza shi a cikin ƙurar nan.