Wai font ɗin nan me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a a taimaka min da kalma, font ɗin nan, wato siffar baƙaƙen rubutu a kwamfuta. Jiya na raka yayata wajen mai buga kati za a yi mata katin ɗaurin auren 'yarta, yaron ya buɗe manhajar zane ta CorelDraw yana ta cewa "Hajiya wane font kike so", ita kuwa sai kallona take yi. Da ya nuna mata Edwardian Script da Monotype Corsiva nan take ta ce "a'a, wancan hannun ya fi kyau, wannan ya yi kauri". To kun ji fa, hannu ta ce, ba wanda ya koya mata.

Tun jiya abin yake min yawo a kai. Dama ai haka muke faɗa, wane yana da hannu mai kyau, ko malam ya duba allo ya ce wannan ba hannunka ba ne. Me zai hana font ya zama hannun rubutu?

Wani abokina ya ce salon rubutu ya fi. Ni dai ban yarda ba, salo ya riga ya tafi wajen marubuta, in ka ce salon rubutun wane kowa zai ɗauka yadda yake tsara zance kake nufi ba siffar baƙaƙen ba.

Inda na maƙale shi ne waɗannan masu lanƙwasa da jela da ake sa wa katin biki da takardar shaida. An ce min tafiyar tsutsa, kuma gaskiya ne haka muke kiran rubutun haɗe, amma fisabilillahi ka ce wa uwar amarya za a rubuta sunan 'yarta da tafiyar tsutsa? Ni zayyana ta fi kwanta min, don wanda ya taɓa ganin allon sauka ya san zayyana ado ce da ake zama a yi ta da natsuwa saboda rana ta musamman. Hannun zayyana ke nan. Kuma ba baƙon abu ba ne a kwamfuta, akwai font ɗin ajami na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL mai suna Alkalami da aka zana shi daga rubutun Kano.

Af, ku riƙa dubawa kafin a buga, yawancin font ɗin nan masu lanƙwasa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Namu sai da aka fitar da gwaji muka ga ɗ ɗin ɗaurin aure ya tsaya ƙiƙam da wani hannu daban a tsakiyar masu lanƙwasa, ƙarfe 11 kuma yaron ya mayar da shi karfe don ya huta. Sai da ya zauna ya zana lanƙwasar da kansa.

To ni na tsaya a hannun rubutu da hannun zayyana. Mutanen Zinder da Maraɗi ku da kuke fama da Faransanci, ya kuke ce masa a can?