Muhawara: ROA kaɗai ya isa a auna banki?

Malam Isufu: Jama'a, ni dai ina kan bakata: a nan Yamai in ana son sanin bankin da ke aiki da kyau, ROA, wato ma'aunin ribar banki bisa kadarorinsa, ya wadatar. Ka ɗauki ribar shekara bayan haraji, ka raba da jimillar kadarorin banki. Bankin da ke da kadarar miliyar 300 na sefa ya ci ribar miliyar 3, ya samu kashi 1 cikin ɗari, kuma a harkar banki wannan ba laifi.

Hajiya Rabi: Malam, wace kadara za ka raba da ita? In ka ɗauki ta ranar 31 ga Disamba kawai ka ruɗi kanka, don ajiya kan kumbura a ƙarshen shekara. Haɗa ta farkon shekara da ta ƙarshe ka raba biyu, in da hali ma ta kowane wata uku.

Malam Isufu: Na yarda da wannan, Hajiya. Amma gyaran lissafi ne, ma'aunin na nan daram.

Abdu: Ranka ya daɗe, matsalar tana cikin ribar kanta. Bashin da ya maƙale, dole banki ya ware masa kuɗi daga riba. A misalinka, in akwai bashin miliyar 2 da ya kamata a ware masa kuɗi aka ƙi, ribar gaskiya miliyar 1 ce, ROA ya faɗo wajen kashi 0,33. Haka in banki ya sayar da gini, ribar shekarar ta yi tsalle, baɗi babu ita. Sannan lamunin da banki ke tsaya wa 'yan kwangila yana kawo kamisho alhali ba ya cikin jimillar kadara, sai ROA ya fito da kyau, haɗarin kuwa yana gefe. Shi ya sa nake fara buɗe shafin basussuka kafin na riba.

Hajiya Rabi: Kuma mai hannun jari, misali wanda ya sayi na BOA Niger a BRVM, kasuwar hannayen jari ta Abidjan, ribar jarinsa yake nema. Jari miliyar 30 da ribar miliyar 3, kashi 10 ke nan.

Malam Isufu: Nan kam ban yarda ba. Bar jarin ya zama miliyar 15, ribar jari ta haura zuwa kashi 20 ba tare da bankin ya ƙara ƙwazo ba, kuɗin mutane kawai ya ƙara jingina a kai. ROA ba ya ruɗuwa da wannan. Don haka ne ma BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, ta shigo da ƙa'idojin Basel II da III, masu ƙayyade yawan jarin da dole banki ya riƙe, tun Janairun 2018.

Abdu: To Malam, yaya za ka auna 2023? Da takunkumin da CEDEAO da UEMOA (ƙungiyar ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma) suka saka wa Nijar, wanda sai a Fabrairun 2024 aka ɗage, ba a gwama bankin Nijar da na Dakar a shekarar a ce adalci aka yi. Jera shekara biyar, ka gwama bankunan ƙasa ɗaya, ka sa kason bashin da ya maƙale a gefen kowane adadi.

Malam Isufu: Shekara biyar na amince. Amma a jadawalin, ROA zan sa a layin farko.