Jinom da jin: wace kalma za mu ba ɗaliban digiri na biyu?

Malamar jami'a: Assalamu alaikum. Ɗaliban da ke zuwa digiri na biyu a fannin jinomiks, wato nazarin jinom (genome), dukkan DNA ɗin da ke jikin mutum, irin kwas ɗin shekara ɗaya da jami'o'in Ingila ke yi, suna dawowa su zauna gaban iyayen marasa lafiya da ba sa jin Turanci, kuma kalma ɗaya ce a bakinsu: ƙwayar halitta. Da ita ake kiran sel (cell), da ita ake kiran jin (gene), har da DNA. To ta yaya za ka ce wa uba a cikin kusan kowane sel akwai kromosom 46, a kansu akwai jin kusan 20,000, alhali duk sunansu ɗaya? Shawarata a bar wa sel ƙwayar halitta, jin ya zama ƙwayar gado. Ga sauran, mu leƙa gona: kromosom zangarniya ce, ƙwayoyi jere a jikinta, jinom kuma rumbu. Likitancin jinom ya zama likitancin rumbun gado ke nan.

Masanin ɗakin gwaji: Malama, zangarniya ta zauna daram, har ma tana nuna kowace ƙwaya da mazauninta, kamar yadda HBB, ƙwayar gadon da sauyinta ke jawo amosanin jini, ke kan zangarniya ta 11. Rumbu ne ban yarda da shi ba. An riga an ba ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta wannan sunan, ɗalibin jinomiks kuwa kullum yana cikin irin waɗannan ma'ajiyoyi, kamar ClinVar da gnomAD. Idan aka ce "duba rumbu", wanne?

Kuma aikin ba awo ba ne, karatu ne. Ana ɗibar jini mililita kaɗan a kwalbar EDTA, ba ta hefarin ba (dukansu sinadaran hana jini daskarewa ne), domin hefarin na hana PCR, dabarar ninka DNA, aiki. A fitar da DNA, a daddatsa shi, na'ura ta karanta guntayen, kwamfuta ta jera su a kan jinom na ma'auni mai harufa kusan biliyan 3. Ana so a bi ta kan kowane harafi kamar sau 30. Inda karatun ya yi ƙaranci, ana iya rasa sauyin da ke kwafi ɗaya cikin biyun da mutum ya samu daga uwa da uba, sai a ce lafiya lau alhali ba haka ba. Sauyin da aka yi shakka a kansa, a tabbatar da shi da hanyar Sanger, tsohuwar hanyar karanta guntun DNA. Abin da ke da harufa, ana karanta shi, ana samun kuskuren kwafi a ciki, kundi ne. Ni kundin gado nake gani.

Likitan yara: Kundi ya fi. Amma kalmar gado ita ke damuna, ba don tana rikicewa da gadon kwanciya a rubuce kaɗai ba. Ba duk ciwon ƙwayar gado ba ne aka gada. Ciwon Down zangarniya ta 21 ce ta zama uku, kuma mafi yawanci iyayen ba su da komai. Akwai sauyin da ke ɓulla sabo a jikin jariri. Na yawancin ciwon daji kuwa a cikin ƙarin kansa yake faruwa, ba ya bin 'ya'ya. Ka ce wa Bahaushe "ciwon gado ne", tambayar farko ita ce daga dangin wa, kuma sau da yawa a kan uwa ake sauke laifin.

Malamar jami'a: Gaskiya ne, Dakta. To a raba su: ciwon ƙwayar gado shi ne babban suna, gadadden ciwo kuma sai wanda aka tabbatar ya biyo iyaye, irin amosanin jini. Fannin asibitin ya zama likitancin ƙwayoyin gado, mai faɗin kuma likitancin kundin gado. Na farko daga majiyyaci yake farawa, a zana salsalar gida hawa uku, murabba'i namiji, da'ira mace, layi biyu auren zumunci, sannan a zaɓi ƙwayar da za a gwada. Na biyu ya karanta kundin duka, ko ɓangarensa mai sarrafa furotin, wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Mai ba iyalai shawara: Na karɓa. Kalmar da ta fi gaggawa a wurina ita ce ta bariyant (variant), wato wurin da DNA ɗin mutum ya sha bamban da na ma'auni. Kada a ce lahani, kada a ce tawaya. Kowane mutum na ɗauke da miliyoyin wurare da ya sha bamban da kundin ma'auni, yawancinsu ba su da illa. Sauyi ya isa. Ƙa'idar da ACMG, ƙungiyar likitocin ƙwayoyin gado ta Amurka, ta fitar a 2015 ta kasa shi hawa biyar, daga mai jawo ciwo zuwa marar illa, na tsakiya shi ne wanda hujja ba ta kai a yanke masa hukunci ba. A kira shi sauyin da ba a tantance ba, kuma ɗalibi ya sani ba a yin tiyata ko fasa aure a kansa. Abin ya fi shafar mu, domin yawancin bayanan da ake gwada sakamako da su daga Turawa aka tara su, shi ya sa irin wannan amsar ta fi fitowa ga ɗan Afirka.

Sai mai AS. "Mai ɗauke da cuta" na sa mutum ya ɗauka ba shi da lafiya. Na fi son mai kwafi ɗaya. Kuma a riƙa cewa kashi 25 cikin 100 a kowane ciki, domin "ɗaya cikin huɗu" ana fahimtarsa kamar in an haifi mai SS, ukun da za su biyo sun tsira.

Masanin ɗakin gwaji: Hajiya, a ƙara wannan: gwajin jinotayif da ake yi kafin aure furotin ɗin jini yake dubawa, ba DNA ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku sakamakonsa na iya ɓata, mai SS ya fito kamar AS. Don haka kada a kira shi gwajin ƙwayar gado, gwajin nau'in himogulobin ne.

Malamar jami'a: An rubuta. Saura kalmar sauyin da kwafi ɗaya ke isa ya bayyana shi, da wanda sai kwafi biyu sun haɗu. "Mai rinjaye" ya yi wa na farko, na biyun ne nake jiran shawararku.